Kunya a Tsakiyar Hanya

Shekara da shekaru mutanen ƙauyen suna kukan hanya. Duk wanda ya zo neman ƙuri'a sai an kai shi ya ga ramukan da idonsa, ya girgiza kai, ya ce lallai abin bai yi daɗi ba, sannan ya shiga motarsa ya tafi yana kauce musu. Har mutane suka haƙura, suka raɗa wa manyan ramukan suna, ana kwatance da su. Sai ga shi wata safiya, ba zato ba tsammani, katafila ta iso da tifofi a bayanta. Aka kankare, aka zuba burji, aka daddanne. Kafin a ankara hanya ta kwanta sumul kamar tafin hannu.

Kowa ya yi murna ban da wani dattijo manomi da gidansa yake bakin hanyar, can ƙarshen gari. Mai Agwagi ake ce masa, kuma sunan bai zo a banza ba. Agwagi gare shi garke guda, yana ji da su fiye da yadda yake ji da gonarsa. Babbansu wani ƙaton toro ne fari mai jar fuska, mai tafiya yana rangaji kamar ƙasar ta ubansa ce, shi ya sa maigidan ya sa masa suna Ciyaman.

Da can, in ruwa ya sauka, ramin da ke ƙofar gidan cika yake yi, agwagin su yini a ciki suna wanka, ababen hawa suna zagaye su. Yanzu rami ya tafi, amma ba wanda ya sanar da agwagi. Kullum da safe sai su jero su tsaya a tsakiyar hanya, daidai inda tafkinsu yake a da, su dubi ƙasa, su dubi juna. Su kuwa samari masu babur, da hanya ta yi kyau sai suka gano ashe baburansu suna da wani gudu da ba su taɓa sani ba.

Ran nan Mai Agwagi yana zaune a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya, sai ya ji fuuu, ya ji kwaak, ya ga farin gashi yana tashi sama. Mai babur ko waiwaye bai yi ba. Ciyaman bai mutu ba, ko ƙwarzane babu a jikinsa, amma bindinsa ya tafi kakaf. Ya shiga gida da gudu, bayansa tsirara, ya maƙale a ƙarƙashin rumbu ya ƙi fitowa.

Mai Agwagi ya tsince gashin ɗaya bayan ɗaya, ya kai wa matarsa a tafin hannu kamar mai kai shaida gaban alƙali.

"Kin gani? Kin ga abin da suka yi wa Ciyaman?"

Matar tana tankaɗe, ta ɗago ta duba. "Gashi ne, Malam, zai sake fitowa. Ka kewaye musu wuri a cikin gida mana, ka huta su huta."

"In kulle su? Su da suka riga burjin nan zuwa garin nan? Wanda ya zo daga baya shi ke bin doka."

"To, ka je ka faɗa wa burjin."

Washegari da sassafe ya saɓi garmarsa ya fita. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana jan kunya a gona, saboda haka bai sha wata wahala ba. Ya kwaso ƙasa daga gefen hanya, ya ja kunya guda daga wannan baki zuwa wancan, irin wadda ake yi wa dankali, ya bubbuga ta da bayan garma har ta yi tauri. Sannan ya ɗauko kujerarsa ya zauna yana jira.

Bai daɗe ba sai ga wani mai babur ya taho a guje. Ya ga abin a makare, ya taka birki, babur ya yi tsalle, hularsa ta yi nata wuri. Ya tsaya yana haki.

"Baba, mene ne wannan kuma?"

"Kunya ce."

"Kunya a kan hanya?"

"Na ga ku ba ku da ita, na ce gara hanyar ta samu."

Kafin rana ta take, labari ya zagaye gari. Masu babur suka riƙa lallaɓowa in sun zo wurin, agwagi suna tsallakawa a natse, Mai Agwagi yana kallo yana shafa gemu.

A ɗaya ƙarshen garin, ta wajen da ake fita zuwa birni, akwai shagon Tela. Shi da Mai Agwagi tare suka tashi tun suna yara, kuma tun lokacin ba abin da ɗaya zai yi ɗayan bai ce ya fi shi iyawa ba. Da yamma Tela ya zo ganin aiki, tef ɗinsa rataye a wuya. Ya zagaya kunyar, ya tsuguna ya kanne ido ɗaya.

"A karkace take," in ji shi.

"Idonka ne a karkace, tsohon banza. Me ka sani a harkar ƙasa?"

"Na san madaidaicin layi. Kuma ka ja mini masifa. Yaran nan duk gudun da ka hana su a nan, a ƙofar shagona suke rama shi. Farin yadin mutane ya koma ja."

"To ka yi taka mana, in ka isa."

Ai kuwa bai san ya taɓo inda yake yi wa Tela ƙaiƙayi ba. Tela bai iya garma ba, amma ya iya ƙunshe abu ya tsaya. Ya ari baro, ya kwaso duwatsu, ya jawo wani guntun kututture ya kwantar a tsakiya, kamar yadda yake sa kwali a wuyan riga don ya miƙe, sannan ya lulluɓe da ƙasa. Ya auna da tef, ya ƙara, ya sake aunawa, ya sake ƙarawa. Da ya gama, abin ya fi kama da kabarin ƙato fiye da kunya.

Daga nan fa abu ya zama annoba. Mai shayi ya lura duk wanda ya rage gudu sai ya waiwaya gefe, ya ce to bari su waiwayo su ga butarsa, ya ja tasa. Mai faci ya yi tasa da tsakuwa masu kaifi, ya kuma rantse shi lafiyar jama'a kawai ya duba. Mahauci ya yi. Wanzami ya yi. Har wata tsohuwa da ba ta da ko kaza, ba ta da shago, ta fito da 'yar fartanyarta ta ja wata ƙarama, ta ce ba za a ce ƙofarta ce kaɗai ba ta da gata ba. Cikin ɗan lokaci, hanyar da aka yi shekaru ana roƙo ta koma kamar gonar rogo.

Wanda abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya shi ne Direba, mai a-kori-kurar da ita kaɗai ke ɗaukar mutane da kaya zuwa birni. Salansarsa ta faɗi a kan kunyar mahauci, ya ɗaure ta da waya, ta sake faɗuwa a kan ta wanzami. Mai ƙwai ya daina shiga motar, ya ce gara ya fasa kayansa a gida da hannunsa. Wata mata ta ɗauko madara a jarka, ta rantse ko da suka fita gari ta buɗe man shanu ta tarar.

Mai unguwa ya tara jama'a a gindin bishiya. Direba ya tashi ya yi jawabi, ya nuna harshensa inda ya cije. Kowa ya tausaya masa. Aka amince baki ɗaya kunyoyin sun yi yawa, dole a rage. Da aka zo kan ta wa za a fara rushewa, sai kowa ya hau kare tasa.

"Tawa ce ta fari," in ji Mai Agwagi. "Ba a rushe uwa a bar 'ya'ya."

"Tawa ce kaɗai aka auna," in ji Tela.

Tsohuwar nan ta ce duk wanda ya taɓa tata, ita da shi har gaban Allah. Mai unguwa ya ce to, za a sake zama. Sai da aka rako shi gida aka ga ashe shi ma akwai wata sabuwa fil a ƙofarsa, ƙasar ko bushewa ba ta yi ba. Ya ce iyali ne suka matsa.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Amma ana wata ga wata. Mai Agwagi ya je shan shayi, sai ya ji masu babur suna hira a bayansa, ba su lura da shi ba.

"Ta Tela ce kawai abin tsoro," in ji ɗaya. "Ta baban agwagin nan ai wasan yara ce. Ni ko birki ban ƙara taka mata ba."

Shayin nan bai shanyu ba. Ya koma gida ransa a dagule, ya wuce bayan gida inda wani ƙaton dutse yake, wanda matarsa take wanki a kai.

"Malam, ina za ka kai mini dutse?"

"Aikin gwamnati zai yi."

"In za ka gina ramin mugunta, an ce ka gina shi gajere. Shekarunka fa ba na ɗaukar dutse ba ne."

Ya tofa yawu a hannu, ya sunkuya, ya rungumi dutsen, ya yunƙura. Dutse bai motsa ba. Wani abu ne ya motsa a ƙugunsa, ya ce ƙis. Ya saki dutsen ya nemi miƙewa, baya ya ce bai san zancen ba. Ya tsaya a lanƙwashe kamar lauje, fuskarsa tana kallon yatsun ƙafarsa.

"Uwar yara," ya ce a hankali, "zo ki ga wani abu."

Aka gasa da ruwan zafi, aka shafa man zafi, aka ja hannu aka ja ƙafa, a banza. Ko tari ya yi sai ya yi ƙara. Matar ta ce sai asibitin birni, ta aika aka kira Direba. Tela ya ji labari ya rufe shago ya taho da sauri, don duk faɗan da suke yi, ba ya iya jin abokinsa yana ciwo ya zauna.

"Sannu, aboki. Me kake nema a ƙasa haka? Ko allura ka yar?"

"In na miƙe za ka sani."

Aka shimfiɗa katifa a bayan mota. Kwanciya ta gagara, zama ya gagara, sai aka ɗora shi a durƙushe, gwiwa biyu hannu biyu, Tela yana riƙe da kafaɗarsa, matar tana zaune a gefe da buta da zani. Direba ya leƙo ta taga, fuskarsa ba yabo ba fallasa.

"Baba, ka riƙe da kyau. Hanyar ta ɗan lalace kwanan nan."

Mota ta tashi. Ba ta yi nisa ba ta hau ta farko, ta sauka jif.

"Wayyo ƙuguna! Wane mara tsoron Allah ne ya..."

"Taka ce, Malam," in ji matar.

Ya haɗiye sauran maganar. Daga nan kuwa bai ga hanya ba, tunda katifa yake kallo, amma ƙugunsa ya riƙa gaya masa ƙofar wa aka zo. Jif! "Mai shayi, Allah ya sa madararka ta tsinke!" Jif! "Wannan mahauci ne, na san hannunsa, ba ya yin abu da tausayi." Da aka hau ta tsohuwar nan, 'yar ƙarama, ya ce, "Allah ya yi wa baiwar Allah nan albarka." Ta mai unguwa kuwa sai ya yi ƙara kawai bai kama suna ba. Mutane suka fito ƙofar gidajensu suna yi masa sannu, kowa yana tsaye kusa da tasa kunyar yana kallon wani wuri daban.

A bakin gari Direba ya tsaya cak. Ya fito ya zagayo.

"Saura ta Tela. In na bi ta a hankali, cikin motar zai zauna a kai, sai an nemo masu turi. Dole in ja baya in zo da ɗan gudu."

"A sauke ni," in ji Mai Agwagi. "Na warke. Wallahi na ji sauƙi."

"Ka daure, aboki," in ji Tela. "Ba ta kai yadda ake faɗa ba. Na auna ta."

Direba ya ja da baya, ya ba ta wuta. A-kori-kura ta taho tana kuka, ta doki kunyar Tela, ta tashi sama. Katifa ta tashi, buta ta tashi, Tela ya tashi, Mai Agwagi ya tashi ya bar su duka a ƙasa. Da ya dawo, a zaune ya dira, aka ji ƙas, kamar an karya busasshen kara.

Ya yi zumbur ya miƙe ya cakumi wuyan rigar Tela.

"Kashe ni za ka yi? Kututture ka binne a hanyar mutane, kai ko mahaukaci? Yau sai na..."

Sai ya lura yana kallon tsakiyar kan Tela daga sama. Ya dubi matarsa. Ta riƙe baki. Ya dubi Direba ta gilashin baya. Ashe Mai Agwagi a tsaye yake, miƙe sambal kamar turken wuta.

Tela ya gyara wuyan rigarsa a natse. "To, ba sai ka yi dogon jawabi ba. Na gode kawai ta isa."

Nan fa Mai Agwagi ya hango abin da ke tafe. Ya hango Tela yana ba da labarin nan a wurin shayi har ƙarshen rayuwarsu. A hankali ya dafa ƙugu, ya sake lanƙwashewa.

"Wayyo. Ya dawo. Ashe zafin rai ne ya miƙar da ni. Direba, mu je asibiti."

Haka ya tafi a sunkuye har birni, wuyansa yana ciwo don ƙarya. A asibiti aka kai shi gaban wata nas mai faɗin kafaɗa, ta saurari bayanin matar, ta saurari na Tela wanda ba a tambaye shi ba, ta danna bayan a wurare, ta ce ya ɗaga ƙafa, ya ɗaga. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Baba, har yanzu ba ka iya miƙewa?"

"Ko kaɗan, 'yata."

"To ba komai. Akwai allurar da muke yi wa irin wannan, a cikin ƙashin baya." Ta jawo aljihun tebur ta fito da wani sirinji, wanda ko doki ya gani sai ya nemi hanya.

Mai Agwagi ya miƙe tsaye har hularsa ta taɓa labule.

"Ikon Allah," ya ce. "Hannunki akwai albarka. Ku shaida, a asibiti na warke."

Nas ta mayar da sirinjin, ta ba shi ƙwayoyi, ta ce ya bar ɗaukar dutse. Ta kuma juya kan Tela, wanda ya fara buɗe baki, ta ce sa'a ce kawai suka ci, irin wannan jijjigar tana iya kwantar da mutum gaba ɗaya, kada ta ji an maimaita.

Amma bakin Direba ba shi da birki. Kafin mako ya zagayo, tsofaffin ƙauyukan kewaye sun ji cewa akwai wata kunya mai maganin ciwon baya. Suka riƙa zuwa suna roƙon masu babur su tsallaka da su a guje. Tela ya fara amsa sunan Likita, har yana ba da shawarar a zo kafin a ci abinci. Ba wanda ya warke. Wani ya koma da ƙulu a goshi, wani haƙorinsa guda da ya rage ya fita, kuma dukkansu gaban nas ɗin nan suka ƙare. Ita ce ta kai magana ƙaramar hukuma.

Injiniya ya zo da katafila. Ya bi hanyar a ƙafa daga wannan ƙarshe zuwa wancan yana riƙe da kai. Ya ce shi tunda yake aiki bai taɓa ganin garin da aka gyara wa hanya ya noma ta ba. Aka baje kunyoyin kaf, kututturen Tela ya fito, tsohuwar nan ta ja shi gida ta ce diyyarta ce, za ta yi girki da shi. Aka yi tudun siminti mai fenti a gaban makaranta, aka yi wani a wajen famfo, aka ce duk wanda ya sake kai garma kan hanya zai yi bayani a ofis. Matar Mai Agwagi kuwa ta sa aka raba tsohuwar durom biyu, aka binne rabi a tsakar gida aka cika da ruwa. Agwagi suka shige, ba su ƙara tambayar hanya ba.

Sai ya zama dattawan biyu ba su da abin faɗa a kai, kuma zaman haka bai karɓe su ba. Mai Agwagi ya fitar da benci ƙofar gida, Tela ya riƙa zuwa da yamma da ɗinkin hannu. Da sun hango babur, sai Mai Agwagi ya ɗaga hannu. Yaro ya tsaya, yana zaton fasinja ne.

"Ina za ka, Baba?"

"Ba inda za ni. Kashe mashin ɗin, ɗana. Ka san yadda aka yi ƙuguna ya riƙe?"

Sai ya faro tun daga zuwan katafila. In ya yi kuskure Tela ya gyara masa, in Tela ya gyara su yi musu, in sun yi musu a koma farko, yaro yana tsaye da hula a hannu, kunyar tafiya ta hana shi motsi. Wanda ya taɓa faɗawa hannunsu sau ɗaya ba ya yarda a sake. Sannu a hankali masu babur suka buɗe wata 'yar ɓarauniyar hanya ta bayan gari, ta cikin ƙaya da yashi, suka gwammace ta.

Wata yamma suna zaune, hanya fayau ba kowa, sai ƙarar babura can nesa a bayan gonaki. Tela ya cije zare ya tofar.

"Yaran zamani ba sa son ilimi," in ji shi.

Mai Agwagi ya kasa kunne wajen ƙarar, ya miƙe ya kama bakin bencin.

"Kama can, tsohon banza. Na ji akwai inuwa mai kyau a bayan gari."